Mene ne bangaskiya, kuma yaushe ake amfani da kalmar daidai?

Tambaya: Ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu, kuma kalmar bangaskiya ta fara rikita ni da ɗalibaina. Wani ya ce ceto ta wurin bangaskiya ne kaɗai, wani ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. An gaya wa wata 'yar'uwa mai ciwon suga cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya hana ta warkewa, har ta ajiye magani. Wani abokin aikina kuma ya ce bangaskiya yarda ce da abin da ba shi da hujja. Mece ce ainihin ma'anarta?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu shiga bayani, a je wurin 'yar'uwar nan yau ɗin nan, ta koma kan maganinta, a kuma kai ta asibiti a auna sukarinta. Dalilin haka daga Littafi Mai Tsarki yana nan tafe a ƙasa, amma ciwon suga ba ya jiran a gama nazari.

A Littafi Mai Tsarki bangaskiya ba ta tsayawa ita kaɗai. Kullum akwai wanda aka dogara gare shi, akwai kuma maganar da ya yi wadda aka riƙe. Hausa ma haka ta gina kalmar: ba da gaskiya ake yi, kuma ba a bayarwa sai da mai karɓa. Duk inda ka ji ana maganar bangaskiya amma ba ka iya gane ga wa aka ba da ita ba, ko a kan wace magana, to kalmar ta kauce daga hanyarta. Yawancin rikicin da ka lissafa daga nan ya taso.

Dubi Farawa 15, domin a nan Bulus da Yakubu, marubuta wasiƙu a Sabon Alkawari, duka suka kafa hujjarsu. Ibrahim ya tsufa, ba shi da ɗa, ya kuma faɗi haka ƙarara a gaban Allah: ba ka ba ni zuriya ba, baran gidana ne zai gāje ni. Allah ya fito da shi waje, ya ce ya ƙirga taurari in zai iya, haka zuriyarsa za ta zama. Aya ta 6 ta ce Ibrahim ya ba da gaskiya ga Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci. Ka lura da yadda abin ya jeru. Allah ne ya fara magana, Ibrahim ya amsa. Bai ɓoye tsufansa ba, bai hana bakinsa faɗin halin da yake ciki ba, a sura ta 17 ma har dariya ya yi. Bulus a Romawa 4:21 ya taƙaita abin da Ibrahim ya riƙe: ya tabbata Allah yana da ikon cika abin da ya alkawarta. Kalmar Ibraniyanci da ke wannan aya tushenta ɗaya da Amin da muke faɗa bayan addu'a, ma'anarta abu mai ƙarfi da za a iya jingina da shi. Daga tushen nan ne aka kwatanta hannuwan Musa a Fitowa 17:12, sa'ad da Haruna da Hur suka tallafe su suka tsaya daram har faɗuwar rana.

Malaman tauhidi na zamanin gyaran ikilisiya sun raba bangaskiya kashi uku, kuma rabon yana da amfani ƙwarai a aji: sani, yarda, dogara. Katekizim na Heidelberg na 1563, littafin koyar da addini ta hanyar tambaya da amsa, a tambaya ta 21, ya haɗa su ya ce bangaskiya ta gaske tabbataccen sani ne da kuma dogara ta zuciya. Ka ɗauki mai yasar rijiya. Ya san akwai igiya, ya duba ta ya yarda za ta ɗauki mutum, amma sai ya ɗaura ta a ƙugu ya saki bakin rijiyar kafin a ce ya dogara da ita. Idan igiyar mai ƙwari ce, ko jikinsa na rawa zai sauka lafiya. Idan ruɓaɓɓiya ce, ƙarfin zuciyarsa ba zai hana shi faɗawa ba. Darajar bangaskiya tana ga wanda aka riƙe.

Kowane kashi ya ɓace, akwai irin ɓarnar da ke biyo baya. In babu sani, abin ya koma camfi: mutum ya sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashi kamar laya, bai san abin da ke ciki ba. Shi ya sa Romawa 10:17 ta ce bangaskiya daga ji take fitowa, jin kuwa ta maganar Almasihu. In akwai sani babu yarda, ga masanin da ya haddace tarihin Yesu amma bai gaskata ya tashi daga matattu ba. In akwai sani da yarda babu dogara, ga abin da Yakubu 2:19 ya faɗa: aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Wannan na ukun shi ne haɗarin 'ya'yan da aka haifa a cikin ikilisiya, kuma su ne za su fi yawa a ajinka.

Sabon Alkawari yana amfani da kalma ɗaya ta Helenanci, pistis, sama da sau 200, kuma ba ko'ina take nufin abu guda ba. Mafi yawa tana nufin dogara ga Yesu Almasihu, kamar a Afisawa 2:8. Wani wurin tana nufin koyarwar da aka gaskata, kamar a Yahuza aya ta 3, inda aka ce a yi fama domin bangaskiyar da aka danƙa wa tsarkaka sau ɗaya tak. A wannan ma'anar muke cewa Shaidar Bangaskiya, ko ta Manzanni ko ta Nikiya wadda aka tsara a 325 aka faɗaɗa a 381. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya bambanta waɗannan biyu: akwai abin da ake gaskatawa, akwai kuma gaskatawar da ke zuciyar kowane mai bi. Na farko ɗaya ne ga kowa, na biyu yana ƙaruwa yana raguwa. A Romawa 3:3 da Galatiyawa 5:22 kalmar tana nufin aminci, wato riƙon amana. A 1 Korintiyawa 12:9 baiwa ce ta musamman da Ruhu Mai Tsarki yake ba wani bai ba wani ba, kamar yadda yake raba sauran baye-baye. Idan mai wa'azi ya ɗauki ayar da ke maganar wannan baiwa ya ɗora wa kowane mai bi a matsayin sharaɗi, ya aza wa mutane kayan da Allah bai aza musu ba.

A kan bangaskiya da ayyuka, Bulus da Yakubu tambayoyi daban suke amsawa. Bulus yana fuskantar masu cewa sai an yi kaciya an kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓi mutum. Amsarsa: alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, kada kowa ya yi fahariya. Yakubu yana fuskantar wanda ke cewa yana da bangaskiya, ga ɗan'uwansa ba tufa ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri kawai. Amsarsa: irin wannan bangaskiya gawa ce. Su biyun sun kawo Farawa 15:6, sai dai Yakubu ya ƙara da Farawa 22, miƙa Ishaku, abin da ya faru shekaru da yawa bayan an riga an lasafta wa Ibrahim adalci. Aikin ya nuna abin da ke nan tun da fari. Bulus ma, da ya faɗi amsarsa a Afisawa 2:8-9, bai tsaya a aya ta 9 ba. Afisawa 2:10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, Galatiyawa 5:6 kuma ta ce abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Ka sa ɗalibanka su haddace aya ta 8 zuwa ta 10 a haɗe, kada su yanke.

Wannan batu ne ya raba ikilisiyar Yamma bayan Martin Luther ya ɗaga muryarsa a 1517, majalisar Katolika ta Trent kuma ta fitar da nata hukuncin a kan baratarwa, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, a 1547. Wani ɓangare na saɓanin daga ma'anar kalmar ne. Idan Katolika suka ji "bangaskiya kaɗai" sukan fahimci yarda ta tunani kawai ba tare da ƙauna ba, alhali Luther dogara ga alkawarin Allah yake nufi. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta ƙasar Jamus, ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa guda, cewa Allah yana karɓar mu ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don cancantarmu ba, Ruhu Mai Tsarki kuma yana sabunta zuciya yana kiran mu ga kyawawan ayyuka. Ikilisiyoyin Methodist suka shiga wannan sanarwa a 2006. Bambanci bai ƙare ba, musamman a kan ko baratarwa ta haɗa da sākewar hali ko kuwa tsarkakewa ce ke biye da ita, amma ba daidai ba ne a koya wa yara cewa wani ɓangare yana cewa ana sayen ceto da aiki, ko wani yana cewa aiki ba kome ba ne.

Abokin aikinka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: abin da ba a gani, da abin da ba shi da hujja. Ibraniyawa 11:1 tana maganar na farko. Mutum bai ga haihuwar kansa ba, amma ya san ranar bisa shaidar iyayensa. Marubutan Sabon Alkawari da shaidu suke kafa maganarsu. Luka ya buɗe Bishararsa da cewa ya bi diddigin komai daga waɗanda suka gani da idonsu. Bulus a 1 Korintiyawa 15 ya jero waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, har da mutum sama da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai, sa'an nan ya faɗi magana mai nauyi: in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarku banza ce. Wanda ya ɗaure bangaskiyarsa ga abin da ya faru a tarihi har haka bai guje wa hujja ba. Toma ma ba a tsawata masa don ya nemi dalili ba. Ya ƙi shaidar abokan tafiyarsa goma ne, kuma nan take bayan labarinsa Yohanna 20:31 ta ce an rubuta waɗannan alamu domin ku ba da gaskiya. Sai dai hujja tana kai mutum bakin sani da yarda ne. Dogarar kuwa mataki ne na zuciya, kuma Kirista sun yarda Ruhu Mai Tsarki ne ke kai mutum gare shi.

Yanzu ga inda aka fi yi wa kalmar nan rauni a zamaninmu. Akwai koyarwar da ke ɗaukar bangaskiya kamar wani ƙarfi da ke aiki da kansa: ka furta, ka riƙe, kada ka ambaci ciwo ko talauci, abin zai zo dole. Ta samo asali daga rubuce-rubucen E. W. Kenyon a Amurka, wanda ya rasu a 1948, Kenneth Hagin na Tulsa ya yaɗa ta, Oral Roberts kuma ya shahara da koyarwar shuka iri, wato ba da kuɗi don a girbi mu'ujiza. Littattafansu da kaset-kaset sun shigo Najeriya sosai daga shekarun 1970 zuwa 1980, yau har waɗanda ba su taɓa jin sunayen nan ba suna magana da harshensu. Ayar da aka fi kafawa ita ce Markus 11:23-24, ta cewa dutse ya tashi ya faɗa teku. Ayar gaskiya ce, kuma tana tsawata wa masu addu'a da sanyin jiki. Amma aya ta 22 da ke gabanta cewa ta yi ku ba da gaskiya ga Allah, ba ga furcinku ba. Kuma a wannan Bisharar, sura uku kacal gaba, Yesu ya roƙi Uba a Getsamani ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ce ba nufina ba sai naka, ba a kuwa ɗauke ba. Wa zai ce bangaskiyar Yesu ce ta gaza? 1 Yohanna 5:14 ta sa iyakar a fili: in mun roƙa bisa ga nufinsa, yana jin mu.

Ka karanta wa ɗalibanka Ibraniyawa 11 har ƙarshe, domin masu wa'azi da yawa suna tsayawa a farkon aya ta 35. Kafin nan ga waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa takobi. Bayan nan ga waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, suka yi yawo cikin fatun tumaki da awaki. Aya ta 39 ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. A 2 Korintiyawa 12 Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Game da ɗora wa marar lafiya laifi, ka duba wanda Yesu ya tsawata wa. Sa'ad da aka kasa warkar da yaro mai farfaɗiya, almajiran ne ya ce bangaskiyarsu ta yi ƙaranci, a Matiyu 17:20. Uban yaron da ya yi kuka ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, bai koma gida hannu wofi ba. A Markus 2:5 bangaskiyar waɗanda suka ɗauko shanyayye Yesu ya gani. Mutumin bakin tafkin Betasda bai ma san wanda ya warkar da shi ba. A Yakubu 5:14-15 dattawan ikilisiya ne ke yin addu'ar bangaskiya a kan marar lafiya. Gaskiya ne a Nazarat bai yi mu'ujizai da yawa ba saboda rashin bangaskiyarsu, amma waɗannan mutane ne da suka raina shi suka ƙi shi, ba majinyaciyar da ke kuka gare shi dare da rana ba. Mai addu'ar da ya karɓi yabo in an warke, ya tura laifi ga majinyaci in ba a warke ba, ya yi zalunci, kuma ya ƙara wa marar lafiya ciwo na biyu, wato tunanin cewa Allah ya ƙi shi.

Ajiye magani don a nuna bangaskiya yana da suna a Littafi Mai Tsarki: gwada Allah. Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya kawo masa Zabura 91, ya ce ya dira. Yesu ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16. Annabi Ishaya ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, sa'an nan ya ce a shafa curin ɓaure a kan marurun. Masu bisharar da suka kawo mana wa'azin bangaskiya su ne suka gina asibitoci irin na Vom da Wusasa da Galmi. Abin da ke faruwa a jiki kuwa sananne ne. Mai suga da rayuwarsa ta rataya ga allurar insulin, in ya daina, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya suma har rai ya salwanta. Mai suga da ke shan ƙwayar magani, in ya daina, yakan ji kamar lafiya lau na ɗan lokaci, alhali ciwon na cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, wanda ya katse a tsakiya ciwon kan dawo da taurin da maganin farko ba ya ci. Mai ɗauke da ƙwayar HIV in ya ajiye magani, cikin 'yan makonni ƙwayar ta sāke yawa a jini. Tsarin da ya dace shi ne a yi addu'a da gaske, a ci gaba da magani, in an ga alamar warkewa a je a yi gwaji, likita ne zai rage ko ya tsayar. Yesu ma ya aika kutare goma su nuna kansu ga firistoci, waɗanda a lokacin su ne masu tabbatar da warkewa. Warkarwa ta gaske ba ta tsoron gwaji.

Batun shuka iri ba ya bukatar dogon bayani. Bitrus ya ce wa Siman mai sihiri kuɗinsa su hallaka tare da shi, don ya zaci ana sayen baiwar Allah. Baiko godiya ne da ake bayarwa da daɗin rai. Babban taron masu bishara na duniya da ake kira Lausanne, wanda aka yi a Cape Town a 2010, ma ya ƙi koyarwar da ke auna albarka da dukiya.

A aji, ka koya musu su yi tambaya duk sa'ad da suka ji kalmar. Ga wa aka dogara? A kan wace aya? Kuma wa aka yi wa alkawarin? Gafarar zunubi ga mai tuba, kasancewar Almasihu tare da nasa, tashin matattu, waɗannan na kowane mai bi ne, a riƙe su ba shakka. Ɗan da aka yi wa Ibrahim alkawari na Ibrahim ne. Irmiya 29:11 an rubuta ta ga waɗanda aka kai bauta Babila, kuma ayar da ke gabanta ta ce sai bayan shekara 70. Tana koya mana halin Allah, amma ba takardar samun aiki a bana ba ce. Gwaji mai sauƙi shi ne a cire kalmar a sa "dogara ga Allah bisa ga abin da ya faɗa" a gurbinta. "An cece ni ta wurin bangaskiya" ta zauna daidai. "Na ci bashin mota da bangaskiya" ba ta zauna ba, don Allah bai faɗi haka ba. Wannan buri ne, kuma ba laifi a kira shi buri a kai shi gaban Allah cikin addu'a. Kyakkyawan salon magana shi ne na Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3:17-18: Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunki sujada ba.

Ka kuma ba su damar faɗin shakkarsu ba tare da an kunyata su ba. Yahaya Mai Baftisma ya aiko daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne mai zuwa, Yesu ya amsa masa da abin da ake gani ake ji, ya kuma yabe shi a gaban taro. Yahuza aya ta 22 ta ce a ji tausayin masu shakka. Ranar da za ka tantance masu baftisma, kada ka tambaye su ko bangaskiyarsu tana da ƙarfi, don mai tawali'u zai ce a'a, mai cika baki ya ce i. Ka tambaye su wane ne Yesu, me ya yi a kan gicciye, a kan me suke sa ran Allah zai karɓe su, kuma me ya canja a zamansu da mutane. Shi kuma wanda ya gaya wa 'yar'uwar nan wannan magana, ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa ku zauna da shi a keɓe, ku buɗe masa Matiyu 17 da 2 Korintiyawa 12, ya koma ya janye maganarsa a gabanta, domin daga bakinsa za ta fi saurin yarda ta ci gaba da shan maganin.